Saƙon Godiya Bayan Walimar Ƙarin Matsayi, Musamman Ga Waɗanda Sunayensu Ba Su Fito a Maƙalolina Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya nuna mana ranar Asabar ɗin da ta gabata, ranar da dangi da abokan aiki da ɗalibai suka cika ƙofar gidanmu a cikin birnin Zazzau domin taya ni murnar samun matsayin Farfesa, aka yi addu'a, aka ci aka sha, aka watse lafiya. Waɗanda suka zo daga Samaru da Kongo da Tudun Wada da Sabon Gari, da waɗanda suka sha hanya daga Kaduna da Kano da Funtuwa, Allah Ya saka muku da alheri, Ya bar zumunci. An ba ni dama in yi magana a wurin, amma da na dubi fuskokin da ke gabana sai murya ta ƙi fita yadda nake so, shi ya sa na zauna na rubuta abin da ya rage a raina.

A wajen taron, ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibaina ya karanto jerin maƙalolin da na wallafa da yawan ambaton da suka samu, jama'a suka yi kabbara. Bayan an tashi, Gwaggo ta kira ni ɗakinta ta ce, "Wai mene ne wannan ambaton da ake ta faɗa, wa ke ambatonka kuma a ina?" Na ce mata, Gwaggo, idan malami ya yi bincike ya wallafa shi a mujallar ilimi, sai wani mai bincike, ko a Zariya yake ko a Indiya, ya kafa hujja da shi a nasa rubutun, to an samu ambato guda ke nan. Akwai rumbunan intanet irin su Google Scholar da Scopus, waɗanda dukkansu suka fara aiki a 2004, da ke ƙirga wannan. A 2005 kuma wani masanin kimiyya a Amurka mai suna Jorge Hirsch ya fito da abin da ake kira ma'aunin h, wato idan aka ce ma'aunin mutum 10 ne, ana nufin yana da maƙaloli 10 waɗanda kowacce an ambace ta aƙalla sau 10. Ta yi shiru, sannan ta tambaye ni ko mutanen ƙauyukan da na yi shekaru ina zuwa wurinsu suna cikin lissafin. Ba sa ciki, kuma saboda su nake wannan rubutu.

Ba na raina wannan ma'auni, domin yana nuna cewa aikin mutum bai tsaya a kan kanta yana shan ƙura ba. Sai dai wanda ya yi aiki a fannoni biyu kamar yadda Allah Ya ƙaddara mini, wato ilimin ruwa da tattalin arzikin ilimi, ya san cewa ba da mudu ɗaya ake auna su ba. Maƙalar da ta shafi ruwan sama da gudun kogi tana samun masu karatu da wuri, musamman tun bayan ambaliyar 2012 da ta hallaka mutum 363 ta raba sama da miliyan biyu da gidajensu, sai ta 2022 da ta ci rayuka fiye da 600, sai kuma ɓallewar madatsar Alau da ta mamaye Maiduguri a watan Satumba na 2024. Ita kuwa maƙalar da ke tambayar nawa ne yake fita daga aljihun manomi kafin 'yarsa ta kammala firamare, masu nemanta kaɗan ne, kuma sai a hankali ake gano ta. Su kansu manyan masana sun lura da haɗarin dogaro da lambobi kaɗai, har suka fitar da sanarwa a San Faransisko a 2012 suna jan kunnen jami'o'i da kada su auna darajar binciken mutum da sunan mujallar da ya fito a ciki. A wurina, rubutun da ya fi ƙarancin ambato cikin duk abin da na wallafa shi ne wanda na fi so a tuna da ni da shi.

An sha tambayata abin da ya haɗa ruwa da makaranta, kuma duk wanda ya tashi a Zariya ya san amsar tun kafin ya shiga aji. Ƙasar Zazzau tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, amma kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Mayu da Oktoba. Ƙarƙashinmu dutse ne irin wanda ya ɓullo a Kufena, ruwan ƙasa kuwa yana maƙale ne a ruɓaɓɓen saman dutsen da cikin tsagoginsa, shi ya sa rijiyoyi da yawa ke ja baya idan bazara ta kama. Idan rijiya ta ƙafe, mai hali ya sayi jarka wurin 'yan garuwa, marar hali kuwa ya tura yara, kuma galibi 'ya'ya mata ne ke ɗaukar bokiti a daidai lokacin da ake kaɗa ƙararrawar makaranta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, amma masu nazarin tattalin arzikin ilimi sun daɗe da sanin cewa kuɗin makaranta ɓangare ne kawai na tsadar karatu, domin akwai aikin da gida ke rasawa a duk sa'ar da yaro ya zauna a aji. Wannan tsada ce na yi rayuwata ina ƙoƙarin aunawa, ƙafa ɗaya a bakin kogi, ɗaya a ofishin hedimasta.

Saboda haka godiyata ta farko bayan ta Allah tana ga masu karanta ma'aunin tsayin ruwan kogi. Akwai wani dattijo a wani ƙauye da ke gefen kogin Galma wanda ya yi damina bayan damina yana fita bayan sallar asuba ya duba sandar awo, ya rubuta tsayin ruwa a littafi da biro, ko ana ruwa ko ana iska, a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wata shekara ruwa ya ci gonarsa ta shinkafa, amma da na je na tarar ranar ma bai bar shafin babu rubutu ba. Allah Ya yi masa rasuwa kafin ya ga wannan rana, kuma duk ambaton da maƙalata ta kogi ta samu a kan rubutun hannunsa aka gina shi. Allah Ya jiƙan wannan dattijo, Ya sa aikinsa ya zama sadaka mai gudana. Haka nan ina gode wa ma'aikatan sashen yanayi na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tarihinta ya faro tun 1922, domin ba don tsofaffin littattafan ruwan sama da suka adana ba, da babu abin da za mu kwatanta daminar yau da shi.

Ina gode wa shugabannin makarantun firamare na karkarar Giwa da Soba da Sabon Gari, waɗanda suka buɗe mini akwatunan rajista, wasu gara ta fara ci, suka zauna tare da ni a kan benci muna bin suna bayan suna. Ina gode wa iyaye mata da suka amince ɗalibaina mata su shiga cikin gida su yi musu tambayoyi a kan abin da ba kowa ake gaya wa ba, wato kuɗin cefane da dalilin cire yarinya daga makaranta. Masu unguwanni da limamai ne suka tsaya mana har aka yarda da mu. Ku kuma ɗalibaina, da kuka hau babura cikin taɓo da ƙura kuna ɗauke da takardun tambaya, na sa sunayenku a kan duk maƙalar da kuka yi wa aiki domin haƙƙinku ne, kuma ina alfahari da ganin wasunku yau ana ambatonsu fiye da ni.

Malam, wanda ya duba mini digirin digirgir, na san ba ka son a yabe ka a bainar jama'a, amma ka yi mini haƙuri yau. Kai ne ka hana ni kai rubutuna mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komai cikin mako guda ba tare da an duba ba, a lokacin da abokai ke ganin na yi jinkiri. Akwai maƙalar da aka dawo mini da ita sau uku, mujallar ruwa ta ce batun ilimi ne, ta ilimi ta ce batun ruwa ne, har na yi niyyar ajiye ta, ka ce in sake zama. Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya sa ka gama da duniya lafiya. Ina kuma gode wa masu duba maƙala da ban san sunayensu ba, da masu tantancewa na waje da suka karanta ayyukana kafin a amince da wannan matsayi, da Jami'ar Ahmadu Bello da ta raine ni tun ina ɗalibi, da ma'aikatan Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim da suka sha nemo mini tsofaffin rahotanni.

Uwargida, ke kika san abin da watanni takwas na yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 suka yi wa gidanmu, kuma ke kika riƙe yara ba tare da sun ga sauyi a fuskarki ba, alhali ni ina ɗaki ina gyaran lissafi. Yaya, kai ka sayar da buhunan masararka ka biya mini kuɗin jarrabawa bayan rasuwar Baba. Inna, addu'arki ce ta kawo mu nan. Allah Ya jiƙan mahaifinmu, Ya haɗa mu a Aljanna.

In Allah Ya kai mu bayan girbi, ni da ɗalibaina za mu koma ƙauyukan nan da taƙaitaccen bayanin abin da muka gano, a rubuce da Hausa, boko da ajami, mu karanta shi a gaban masu unguwanni da iyaye da malaman makaranta. Za mu fara da gidan marigayi mai karanta ma'auni, domin littafinsa na ƙarshe yana hannuna, kuma na yi wa 'ya'yansa alkawarin mayar musu da shi.

Wassalamu alaikum.