Injin huda mai batir: wanne ne ke jure zafin Tawa?

Aikina kafa sola ne. Fano a kan kwano, batir a ɗaki, waya ta bi bango, daga cikin garin Tawa har ƙauyukan Keita, Buza da Badagishiri. Galibin wuraren da ake kirana babu wutar lantarki, dalilin kiran ke nan ma. Saboda haka injin huda mai waya sai dai ya yi zamansa a shago, mai batir shi ne abokin tafiya. Samarin da ke shigowa sana'ar nan suna yawan tare ni da tambaya ɗaya: "Maigida, Makita ko Bosch?" Wani ya ce an kawo masa DeWalt daga waje, wani kuma kuɗinsa iyakar Ingco suka kai, yana so in ce masa ba laifi.

Amsata ta farko ba ta yi musu daɗi, don nakan ce su ajiye injin tukuna su miƙo mini batirin da cajarsa. Inji na kirki kan yi shekaru yana aiki. Batir ne ke riga shi mutuwa, kuma a ƙasar Adar mutuwar wuri yake yi. A watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a inuwa, a kan kwano kuwa ƙarfe ba ya taɓuwa sai da tsumma. Batirin lithium ba ya shiri da wannan. Kamfanonin da kansu suna rubutawa a takardar da ke cikin akwati cewa kada a yi caji cikin tsananin zafi, kuma caja ta asali in ka ɗora mata batir mai zafi sai ta ƙi ja, ta jira ya huce. Yara kan ɗauka ta lalace ne, alhali tana ceton batirin. Cajar Makita mai sauri har da ƴar fanka gare ta a ciki, tana hura wa batir iska yayin da take cika shi. Wannan fankar kaɗai ta isa ta sa mutumin Tawa ya dube su da mutunci.

Sai maganar lambobin da ake rubutawa a jiki, inda ake cin kasuwar mutane da yawa. Wani zai zo yana taƙama nasa volt 20 ne, ya fi nawa mai 18. Abu ɗaya ne. A cikin batirin akwai ƙwayoyi biyar a jere, kowace tana ba da volt 3.6 a lokacin aiki, jimla 18. In an cika su fal, kafin a taɓa maɓalli, kowace takan kai 4, jimla 20. DeWalt ma batirin da suke rubuta wa 20V MAX a Amurka shi ne suke sayarwa da sunan 18V XR a Turai. Lambar da ta fi cancanta ka duba ita ce ta Ah, wadda ke nuna yawan wutar da batir ke iya riƙewa. Mai 2Ah yawanci ƙwaya biyar ne a ciki, mai 4Ah ko 5Ah kuma goma, layi biyu. Batir mai 5Ah a volt 18 yana riƙe da watt-awa 90, kuma nauyinsa ya ɗara rabin kilo. Wannan nauyin shi ne shaidarka ta farko a kasuwa.

Na faɗi haka ne don jabu ya cika gari. Za ka ga inji mai launin wani babban kamfani, sunan ma kusan iri ɗaya, an rubuta masa 88V ko 128V, da batir biyu da akwati da tsinkayen huda, duka a kuɗin da ba su kai na batir ɗaya na asali ba. Ɗaga batirin ka ji, sakayau. Wani yarona ya sayo irinsa ba tare da ya shawarce ni ba. Da ya daina riƙe wuta muka kwance shi, muka tarar da ƙwayoyi biyar marasa suna, babu ko abin da ke auna zafi. Ban yi masa faɗa ba, wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

To, cikin na asalin fa?

Makita ce a hannuna, kuma ba na ɓoye cewa zuciyata na wajenta. Kamfanin Japan ne, tun 1915 aka kafa shi a Nagoya, ya soma da gyaran injinan lantarki kafin ya shiga ƙera kayan aiki. Abin da ya ɗaure ni da su shi ne tsarin batirinsu na LXT mai volt 18, wanda suka fito da shi a 2005 kuma har yau suna kansa. Batir ɗaya na ɗaukar injin huda, da injin ɗaure sukuru, da na yankan ƙarfe, da fitila. A ƙauye, inda kake da batir uku kacal da yini guda na aiki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga shi ba ta da nauyi a hannu. Wanda bai taɓa yini a kan tsani hannunsa sama yana ɗaure ƙarfen fano ba zai ce nauyi ba komai ba ne. Matsalarta biyu: tsada, da kuma yawan masu kwaikwayonta, har ya zama sai ka san mai shagon kafin ka yarda da kayan.

Bosch kuma sai an yi hattara da launi. Akwai shuɗi, akwai kore. Shuɗin shi ne na masu sana'a, koren na maigidan da zai rataya labule ne ko ya gyara ƙofar ɗaki sau biyu a shekara. Duka biyun volt 18 ne amma batirin wannan ba ya shiga wancan. A cikin kayan gwanjo da ke zuwa daga Turai koren ya fi yawa, mai sayarwa kuma ba zai gaya maka bambancin ba, wataƙila shi ma bai sani ba. Shuɗin, irin su GSB 18V-50, inji ne mai haƙuri, ba na ƙin a ce yarona ya saye shi.

DeWalt, mai ruwan ɗorawa da baƙi, ƙarfi gare ta. Samfurinta DCD796 na ba da Nm 70, wato ma'aunin ƙarfin murɗawa, alhali Makita DHP484 tana tsayawa a 54, kuma in kana huda ƙarfe mai kauri za ka ji bambancin a wuyan hannunka. Amma ga tarkon da ke cikinta, ita da Milwaukee mai jan launi: da yawa daga cikinsu daga Amurka ake turo su, cajarsu ta volt 120 ce, wutarmu kuwa 220. Ka juya cajar ka karanta abin da aka rubuta a ƙasanta kafin ka kusanci soket. Wani maƙwabcina mai walda, ɗan'uwansa ya aiko masa da inji sabo fil daga can, murna ta hana shi dubawa. Ƙara ɗaya, sai hayaƙi. Injin lafiya lau, amma ya yi watanni a ajiye kafin a samo masa cajar da ta dace daga Yamai. Milwaukee kam ba na ba kowa shawararta a nan, ba don ba ta da kyau ba, sai don ranar da batirinta ya mutu za ka zaga kasuwar Katako ta Yamai ka gaji.

Na bar Ingco da Total a ƙarshe da gangan, don a kansu ne muke saɓani da abokan sana'a. Kayan Sin ne, ba sa ɓoyewa, kuma batirinsu na P20S yana shiga injinan juna. Tsofaffin hannu sukan taɓe baki su ce araha ba ta ado. Ni ban yarda da su gaba ɗaya ba. Kuɗin Makita ɗaya na iya sayen Ingco biyu, kuma batirinta da cajarta ana samun su ba tare da an jira wani ya dawo daga tafiya ba. Yaron da ya fito daga koyo, wanda ke samun aikin fano ɗaya ko biyu a sati, me zai sa ya ci bashi don ya riƙe Makita? Ya sayi Ingco ta asali da batir mai 4Ah guda biyu, ya yi aiki, ya tara. Abin da kawai nake gaya masa shi ne kada ya sa ran za ta jure dukan kullum na shekara da shekaru kamar manyan can, don ba kuɗin haka ya biya ba.

Akwai kuma zaɓi tsakanin inji mai sharbon da marar sharbon, wanda ake rubuta wa brushless. Sharbon ƴan guntayen gawayi ne da ke goga a cikin injin, suna cinyewa a hankali, ƙurar hunturu kuma na ƙara musu sauri. Marar sharbon bai cika ɗaukar zafi ba, batir na daɗewa a kansa, shi ya sa na fi son shi a aikin ƙauye. Sai dai mai sharbon in ya tsaya, kowane mai gyaran fanka zai iya sa masa sabo da kuɗi kaɗan. Marar sharbon kuwa in allon lantarkinsa ya ƙone, gyaran na iya kusantar kuɗin sabon inji. Kafinta da ke zaune a shago kusa da wuta, mai sharbon ya ishe shi.

Abu ɗaya da duk waɗannan sunaye ba za su yi maka ba shi ne huda kankare na gaske. Alamar guduma da ke jikin injin, wadda ke sa tsinke karkarwa yana huda, tana aiki a kan bulo, a bangon laka ma ba ka buƙatarta. Amma ginshiƙin da aka zuba da simintin Malbaza da tsakuwar Adar, ko dakalin bene, in ka matsa masa za ka ƙone tsinke, ka zafafa inji, ka shanye batir a rami huɗu. Wannan aikin na injin SDS ne, tsarin da Bosch suka fito da shi a 1975, wanda ke dukan tsinke da fistan maimakon karkarwa. Da damina ta wuce, in Allah ya kawo aikin asibitocin ƙauye da muke jira, irinsa na Makita zan saya, kuma gangar jikin kawai zan ɗauko, tunda batiran da ke jakata za su shige shi.