Kalmar da manomi bai gane ba, a gona ake biyan kuɗinta

Aikin malamin gona a yankin Kura, Bunkure ko Auyo yana koya wa mutum cewa yawancin asarar da ake ɗora wa "jahilcin manomi" daga bakin mai bayani take farawa. A zo taro a ƙofar gidan dagaci, a yi ta kalmomin Turanci irin su "infut", "kulasta", "ofteka", dattawa suna gyaɗa kai don kara. Har Hausar ma ta kamu: "masu ruwa da tsaki", "inganta harkar noma". Babu wadda ta gaya wa mutum abin da zai yi gobe da safe.

Kalmar da ta fi ɓarna ita ce "tallafi". Shirin Anchor Borrowers da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a 2015 bashi ne da aka riƙa ba manoma, ana biya bayan girbi. Amma in an ce wa manomi tallafi, kyauta ya ji. Ranar biya sai rigima. Abin da ya kamata a faɗa tun farko: "Rance ne. Buhu kaza na taki za ka karɓa, buhu kaza na shinkafa za ka mayar, a wata kaza."

Sai awo. Hekta ɗaya kusan eka biyu da rabi ce, "kadada" kuwa wani hekta yake nufi, wani eka. Idan takardar maganin ciyawa ta ce lita 2 a hekta, mai eka ɗaya ya juye duka biyun, ya ninka ƙa'ida fiye da sau biyu: shuka ta ƙone, kuɗi ya tafi. Gara a yi masa lissafin da famfon feshin da yake goyawa. In ruwa lita 200 ke isar hekta, famfo mai lita 20 cikawa goma ke nan, kowace da mililita 200 na magani. A auna a gabansa, a yi wa gwangwani alama, a bar masa.

Taki ma haka. Kada a ce takin yuriya yana da "kashi 46 na naitirojin". A ce yuriya ta ƙara ganye ce, a binne ta cikin danshi, don in an watsa ta a saman ƙasa ba a binne ba ƙarfinta iska yake bi.

Kafin a tashi, a nemi mutum ɗaya ya maimaita bayanin da bakinsa. Ba a tambayar "kun gane?", domin a gaban dagaci babu mai cewa a'a.