Inda na kai a koyon gyaran birki: fitar da iska da neman yoyon da ba ya ɗiga ƙasa

'Yan uwana masu koyo, makonni uku ke nan ina fama da birkin tsohuwar motata, kuma ina so in bayyana muku abin da na gano, domin na ɓata lokaci mai yawa a kan kuskuren da ba na so ku maimaita.

Abin ya faro ne da laushin feda. Idan na taka birki sai in ji kamar soso nake takawa, sai na maimaita sau biyu ko uku kafin ya kama. Wannan alama ce ta iska a cikin layin mai, saboda iska tana matsuwa, shi kuwa man birki ba ya matsuwa. Na sa ƙanena ya zauna a kujerar direba, na ɗaga motar na tokare ta da kyau, na cire taya, na sanya siririn tiyo mai haske a bakin notin fitar da iska, ɗaya bakin kuma na tsoma shi cikin kwalbar da ke da ɗan mai. Yana takawa sau uku ya riƙe, ni kuma in sassauta notin da sifana, mai ya fito da kumfa, in ɗaure, sannan in ce masa ya saki. Idan ya saki kafin a ɗaure, iska za ta iya komawa ciki. Na fara da tayar da ta fi nisa daga masta, wato famfon da feda ke dannawa ya tura mai zuwa tayoyi, amma ku duba littafin motarku, domin wasu motocin suna da nasu tsarin. Na kuma ajiye ɗan katako ƙarƙashin fedar don kada ta nutse har ƙasa ta yage robar tsohon masta, ina ta ƙara mai a kofin man birki da ke saman masta don kada ya ƙafe.

Birkin ya yi ƙarfi, na yi murna. Bayan kwana goma sai na ga man ya sauka daga alamar da na yi a jikin kofin.

A nan ne na fahimci cewa na yi gaggawa, domin man birki ba ya ƙonewa kamar man inji, kuma saukarsa tana da dalilai biyu ne kawai: ko fad ɗin birki, wato abin da ke gogar faifan taya don tsayar da ita, ya cinye har fistin da ke tura shi ya ƙara fitowa, wanda ke faruwa a hankali cikin watanni, ko kuma akwai yoyo. Na shimfiɗa kwali ƙarƙashin motar dare biyu, ban ga ko ɗigo ba. Na wanke kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe da fad da fistin, na duba, na lanƙwasa tiyoyin roba ina neman tsagewa, na bi bututun ƙarfe da tocila ina neman tsatsa, na buɗe durom, wato gangar birkin tayar baya, na ɗaga robar da ke rufe ƙaramar silindar taya, wadda ita ce ta fi yawan ɓoye jiƙewa. Duk a bushe suke.

Da na kwance notoci biyu da suka haɗa masta da busta, wato baƙin tulun nan mai ƙara wa taku ƙarfi, sai na tarar da bayan mastan a jiƙe, fentin wurin kuma ya kumbura, domin man birki yana cin fenti. Robar bayan mastan ce ta mutu, man yana tsiyaya cikin tulun, shi ya sa ƙasa ba ta taɓa shaida shi ba. Ku bambanta wannan da yoyon cikin masta, inda feda ke nutsewa sannu a hankali idan an danne ta alhali man bai ragu ba.

Na sauya mastan, na fitar masa da iska kafin in ɗaura shi, sannan na zuba sabon man birki nau'in DOT 4 daga kwalbar da ba a taɓa buɗewa ba, saboda wannan mai yana shan danshin iska, kuma sabonsa ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a wajen 155. Kada ku gauraya shi da DOT 5, domin shi na silikon ne. Yau kwana shida man bai motsa daga sabuwar alamar ba, kuma zan ci gaba da dubawa har wata guda kafin in fita da motar babbar hanya.