Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ƙwallo Ba Ta da Ƙafa

Jama'a, sallama. A makon jiya mun tsaya ne a kan komawar Inna gidan Unguwar Sanusi bayan ta fita takaba. Shekarun da na yi ina koyon walda ne ya kamata su biyo baya, amma zan tsallake su, don babu abin faɗa a cikinsu sai zafin ƙarfe da ciwon ido. Abin da ya taso ni yau daban ne. Ranar Juma'a a majalisarmu wani yaro, wanda a 1994 ko auren uwarsa ba a yi ba, ya ce wai Eguavoen, ɗan bayanmu mai lamba biyu, shi ne ya kashe Najeriya a wasanmu da Italiya na kofin duniya a 1994. Guntun bidiyon fenaretin ya gani a waya, shi ke nan ya yanke hukunci. A wurin na kame bakina saboda ubansa abokina ne. A nan kam sai na faɗa.

Kun dai san Kawu. Kafin ya zauna a kan keken ɗinki, baya ya buga wa 'yan bariki, kuma shi ya ɗora ni a lamba biyu, wato ɗan bayan dama, tun ina buga ƙwallon roba ba takalmi a Tudun Wada. Duk karatun da ya yi mini bai wuce magana ɗaya ba: "Ƙwallo ba ta da ƙafa, ɗan nan. Ka kalli mai ƙafa." In na dawo daga fili ina ba shi labarin yadda na share ƙwallo daga bakin raga, ko ɗago kai ba ya yi daga ɗinkinsa. Sai ya ce, "Wanda ya kawo ta bakin ragar, ina kake lokacin da ya taso?"

A 1994 mu mutanen Kaduna gani muke ƙungiyar Najeriya tamu ce ta gida. Marigayi Rashidi Yekini a garin nan aka haife shi, a ƙungiyar masaƙar UNTL ya fara. Daniel Amokachi ɗan gari ne, a Ranchers Bees muka san shi. A watan Afrilu an ɗauko kofin Afirka a Tunisiya, FIFA ta ajiye mu a na biyar a duniya. Da aka je kofin duniya a Amurka muka zuba wa Bulgeriya uku ba ko ɗaya, muka ci Girka biyu, muka fito a saman rukuni a zuwanmu na farko. Gari ya ɗauka, kowa baki har kunne. Kawu kaɗai ne fuskarsa ba ta saki ba, har abokan zamansa suka fara ce masa mai baƙin baki.

Hujjarsa biyu ce, kuma kullum sai ya maimaita. Ta farko wasan ƙarshe na kofin Afirka da Zambiya: ko minti biyar ba a yi ba Elijah Litana ya tashi a bugun kwana ya sa kai, ga 'yan bayanmu a tsaye kowa ya ɗaga ido sama. Amunike ya ci biyu ya rufe mana asiri, aka manta. Ta biyu wasan Ajantina. Siasia ya fara ci, sannan Caniggia ya rama har biyu. Ta biyun ce take ƙona wa Kawu rai. An ba su bugun tazara, mutanenmu suna ja da baya suna jiran usur, idonsu a kan ƙwallon da ke ajiye a ƙasa, Caniggia kuwa ya sulale ta gefe shi kaɗai. Maradona ya tura masa, ya lanƙwasa ta cikin raga. Kawu ya buga tafin hannu a cinya ya ce, "Kun gani? Tana nan a ajiye, ko motsi ba ta yi ba, mutum goma suna gadinta."

Ranar Talata 5 ga Yuli aka yi wasan Italiya, a filin Foxboro kusa da Boston, inda Ajantina ta ci mu. A makon ne ma'aikatan man fetur suka shiga yajin aiki a kan rikicin 12 ga Yuni, don haka tun da rana Yaya ya sa aka nemo galan guda aka ɓoye saboda janareta. A shagon Kawu muka taru, aka ture kekunan ɗinki gefe, aka ɗora talabijin a kan teburin yanka.

Italiyar da muka samu ba ta da lafiya. Da ƙyar ta fito daga rukuni a matsayi na uku. Baresi yana jinyar gwiwa, golansu Pagliuca yana zaman jan kati, Roberto Baggio da aka ba kyautar gwarzon duniya a 1993 bai ci ko ɗaya ba a wasa uku. Wajen minti na 25 Finidi ya bugo kwana, ta daki Maldini ta faɗo gaban Amunike, ya tura ta ciki. Ihun da aka yi a layinmu har yau yana kunnena. Muka yi Magariba a hutun rabin lokaci, liman bai ja ba.

To, ga abin da yaron nan na majalisa bai gani a wayarsa ba. Tun kafin hutu Amokachi ya ji rauni ya fita, Mutiu Adepoju ya shigo. Kafin a cika awa guda Amunike ma ya fita, Thompson Oliha ya karɓe shi. A dokar lokacin canji biyu kawai ake yi, ban da gola. Ke nan kocinmu Westerhof ya ƙarar da canjinsa a kan rauni, Keshi, gogaggen ɗan bayanmu, yana benci babu halin shigo da shi ko da gida zai rushe. Waɗanda suka fita kuwa su ne masu gudun da ke tsorata 'yan bayan Italiya. Muddin Amunike yana gefen hagu, Mussi, lamba biyunsu, ba shi da ikon barin gida. Da Amunike ya fita, aka kwance masa dabaibayi. Yekini ya rage shi kaɗai a gaba, a bugo masa doguwa, Maldini da Costacurta su karɓe, ta dawo kanmu.

Minti na 75 alƙali ɗan Meziko ya ba Zola jan kati, bai daɗe da shigowa ba, kuma ko ni da nake son mu ci na san hukuncin ya yi tsauri. Shago ya kaure da murna. Ni na waiwaya na kalli Kawu, na ga ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Na ce, "Kawu, ai sun zama goma." Ya ce, "Su sun zama goma, mu mun zama 'yan kallo. Duba tsakiya." Na duba. Okocha yana yanka, ana tura wa juna ƙwallo ana jin daɗi, 'yan kallo a fili suna ihu. Amma da zarar ta kuɓuce, babu mai komawa da gudu. Mutum sha ɗaya a kan goma, amma gefe biyu na filin a buɗe.

Minti na 88 Mussi ya taso ta dama, ɗan baya fa, ya shigo har cikin sha takwas ɗinmu. Ya yi gogayya da mutum ɗaya, ƙwallo ta dawo ƙafarsa, ya mayar da ita baya. Duk rigunanmu sun ruga bakin raga inda suke zaton za ta faɗo. Baggio, mutumin da duniya ta san shi ne abin tsoro a ƙungiyar, yana tsaye babu kowa a jikinsa. Ko ƙarfi bai sa ba, ya shimfiɗa ta ƙasa-ƙasa ta shiga raga ta gefen turke, golanmu Rufai ya yi tsalle bai kai ba. Ina Eguavoen a laifin wannan? Wa ya bi Mussi tun daga tsakiya? Wa aka ce ya riƙe Baggio?

Ta biyun ma haka. A ƙarin lokaci Benarrivo, lamba ukunsu, shi ma ɗan baya, ya ba Baggio ya ruga ciki, Baggio ya ɗaga masa ita ta saman kai. Babu wanda ya biyo shi daga inda ya taso. Eguavoen ya iso a makare, ta baya, ya kayar da shi. Fenareti ne, ban musa ba. Baggio ya buga ta daki turke ta shiga, minti na 102. Amma ku lura da kyau: ƙwallaye biyu, dukansu 'yan bayan gefe ne suka kawo su, a ƙungiyar da ke da mutum goma. Katangar laka ce da ruwa ya daɗe yana ci ta ƙasa, ranar da ta faɗi sai a ce iskar daren jiya ce.

Ba a kan Eguavoen kaɗai maganar nan take yi mini zafi ba, kuma waɗanda suka san ni sun san dalili. Shekaru kaɗan kafin wannan wasa an yi mini irinta a wasan ƙarshe na kofin unguwanni. Lamba ukun abokan karawarmu ya yini yana hawowa ta gefena. Lamba bakwai ɗinmu, wanda aikinsa ne ya biyo shi, ƙanin mai kulob ne, ba ya dawowa baya ko da wasa, kuma babu mai iya yi masa magana. Na yi ta kiransa har muryata ta dushe. Ana saura kaɗan a tashi suka zo mini su biyu, na tare ɗaya, aka ba ɗayan, aka ci. A gaban jama'a, ban ko cire takalmi ba, mai kulob ya nuna ni da yatsa ya ce an saye ni. Ni, da nake zuwa atisaye a ƙafa daga wurin walda, ko kuɗin mota ban taɓa tambayarsa ba. A satin ne za a kai sunayen yara gwajin ƙungiyar jiha. Sunana yana ciki, aka soke shi, aka sa na ƙaninsa.

Ba zan kama sunan mutumin ba. Ya riga mu gidan gaskiya, kuma 'ya'yansa suna gaishe ni in mun haɗu. Amma ban yarda da abin da ya faɗa ba, kuma ina so 'ya'yana su karanta a nan cewa ubansu bai taɓa sayar da wasa ba. Da daren ranar Kawu ya rufe shago, ya ɗauki sandarsa, ya taka har ƙofar gidan mutumin. Bai yi zagi ba. Waɗanda ke wurin sun ce ya yi sallama, ya ce, "Alhaji, ka kalli ƙwallo yau, ba ka kalli wasa ba. Yaron nan mutum biyu aka bar masa." Ya juyo. Sunana dai bai koma takardar ba, amma tun daga ranar ban sake sunkuyar da kai a unguwa ba.

Shi ya sa da aka tashi wasan Italiya mutane suna tsine wa Eguavoen, ni na kasa buɗe baki. Na san abin da ke ransa a lokacin da ya hango rigar Benarrivo ta wuce, ya san ba nasa ba ne, ya kuma san in bai je ba babu mai zuwa. Italiya ta wuce ta ci Sifaniya, ta ci Bulgeriyar nan da muka lallasa, ta kai wasan ƙarshe. Hanyar da za mu bi ke nan.

Kawu bai ga Faransa 98 ba, Allah ya ji ƙansa. Ni na gani, Denmark ta zuba mana biyu kafin minti goma sha biyar, aka tashi huɗu da ɗaya, Tijjani Babangida namu na Kaduna ya ci ta share hawaye. A 2018 a Rasha saura minti huɗu mu fito daga rukuni, aka bugo ƙwallo daga gefe, Marcos Rojo, ɗan bayan Ajantina, ya shigo cikin sha takwas babu mai bin sa, ya ɗaure ta. Na tashi daga gaban talabijin na fita waje, maman yara ta biyo ni tana tambaya ko lafiya. Muryar Kawu kawai nake ji. Sannan ga Abidjan, Fabrairun 2024, wasan ƙarshe na kofin Afirka da Kwaddibuwa. Troost-Ekong ya ci mana da kai, muka koma baya muka tare a gida da mutum biyar kamar yawa ne ke tsaro. Adingra ya yini yana cin gefen damanmu, ya bugo kwana Kessie ya farke da kai, ya sake bugowa Haller ya ƙarasa. Washegari gari ya tashi da sunan Ola Aina a baki. Yaron bai yi wasa mai kyau ba, gaskiya ne. Amma minti nawa aka bar shi shi da Adingra gaba da gaba, kowa yana gani, ba a turo masa mai taimako ba? Shekara talatin tsakanin Foxboro da Abidjan, lamba biyu ne dai ake rataye wa laifi.

Na yi nisa, bari in dawo 1994. Da aka kashe janareta a daren, kowa ya watse, na tsaya taya Kawu mayar da kekuna wurinsu. Ya ce mini, "Kai dai ƙwallonka ta ƙare, sun ƙarar maka da ita. Amma ga yara nan cike da layi, kowa so yake ya zama Okocha. Wa zai koya musu komawa gida?" Ban amsa ba, don a gidanmu ba a yi wa Kawu musu, ba a kuma yi masa alkawarin baka.

Kafin damina ta fita na fara tara yaran layinmu a filin firamare bayan La'asar. Wata guda cur ban ba su ƙwallo sun yi wasa ba, sai dai in jera su biyu-biyu, ɗaya ya ruga, ɗaya ya bi shi, ni ina riƙe da ƙwallon a hammata. Rabinsu suka gudu, iyaye suka fara cewa walda ta taɓa mini kai. Waɗanda suka tsaya su ne suka ɗauko kofin da har yau yake kan kabad ɗin Inna. Yadda aka kore mu daga filin nan, da wanda ya kai ƙararmu wajen mai unguwa alhali muna cin tuwo a kwano ɗaya da shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.