Rigar Malam ta fito daga adaka

Asabar, bayan sallar isha'i.

Yau da hantsi Goggo ta kira ni ɗakinta ta miƙo mini makullin adakar Malam. Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, ba wanda ya buɗe ta. Ta ce, "Ɗan nan, fitar da kayan kakanka su sha iska kafin asu ya gama da su."

Ƙamshin kafur ne ya fara tarbata. Rawani biyu a sama, jar dara, wando buje da zariyarsa a ciki. Can ƙasa, naɗe cikin farin ƙyalle, sai ga rigar saƙi. Da na ɗaga ta sai da hannuna ya sani, don nauyinta ya ninka na shaddar da muke ɗinkawa yanzu. Launinta kamar jikin zabo, baƙi-baƙi da ɗigon fari. Na shimfiɗa ta a tabarma na fara ƙirga zirin saƙar, kowanne faɗinsa bai wuce yatsu uku ba, an haɗa su ɗaya bayan ɗaya da allura. Na wuce hamsin Goggo ta yi mini magana, lissafin ya ɓace.

Aikin da ke gaban rigar aska takwas ne. Biyu a gefen wuya, sauran sun gangaro kan aljihu, ga tambari a ƙirjin dama da wani a baya. Zaren ba fari tas ba ne, yana da ɗan duhu kamar ƙasa-ƙasa. Goggo ta ce tsamiya ce, wato silikin da ake samu daga saƙar tsutsar da ke kan bishiyar tsamiya, a dafa shi da toka kafin a kaɗa. Shafin ƙasan rigar kuwa jan alharini ne, irin wanda a da fatake ke kawowa daga Tarabulus ta hamada. Wannan jan ba ya fitowa sai mutum ya naɗe hannun riga a kafaɗa ko iska ta ɗaga gefenta. Abin ya tsaya mini a rai, a ce mafi tsadar abin da ke jikin riga shi aka ɓoye a ciki.

Asu ya ci wuri biyu kusa da wuya, sai na ɗauke ta bayan azahar na nufi Ƙofar Mata. Marinar nan ana cewa tun 1498 take aiki, amma yau karofi da yawa a bushe suke, kaɗan ne ke da baba a ciki. A mabuga na sami wani dattijo yana bugun shadda. Yana ganin abin da na warware ya ajiye aikinsa, ya goge hannu a jikinsa kafin ya taɓa.

"Yaro, ta wa ce wannan?"

"Ta kakana ce, Baba."

Ya juya ta ciki-waje yana bin ɗinkin da ɗan yatsa. Ya ce a ƙirga hannun da ya taɓa ta: matan da suka kaɗa zaren auduga, marini, masaƙi, maɗinki, malamin da ya zana askar, sannan wanda ya zauna wata da watanni yana cike ta da allura. Ya ja mini kunne kada in kuskura in kai ta wanki da omo, kuma kada keken ɗinki ya hau ta. Ya kwatanta mini wani tsoho a cikin birni da har yanzu yake aikin hannu.

Muna cikin haka wani dillali ya matso, ya ce yana da masu sayen irinta daga Turai, ya faɗi kuɗin da ya sa na yi shiru. Ban ga laifinsa ba, sana'arsa ce, kuma na san akwai irin rigunan nan a gidajen tarihi na Landan. Tun 1851 da Heinrich Barth, wani Bature matafiyi ɗan Jamus, ya zo Kano ya rubuta cewa tufafin garin nan na kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Amma a lokacin muna saƙa wasu muna sayar da wasu. Yanzu in wannan ta fita daga gidanmu, babu ta biyu. Na ce masa Allah ya ba da kasuwa, ba ta sayarwa ba ce.

Da magariba na saka ta a tsakar gida, na naɗe hannuwan a kafaɗa yadda Malam yake yi in zai tafi idi. Goggo ta daɗe tana kallona, sannan ta sa gefen mayafinta ta share ido, ta tashi ta gyara mini wuyan. Ta ce ya karkace hagu, shi ma haka yake barinsa sai ta gyara masa.

Gobe da safe zan nemi tsohon nan mai allura. Babbar sallah saura mako biyar.