A saman tankin masallaci

Yau da rana tsaka ina saman tankin ruwan wani masallaci a Aboabo, nan Kumasi, gumi na ta zuba, ina ɗaura 'yar na'urar da za ta riƙa sanar da ladan yawan ruwan da ya rage kafin alwalar Juma'a. Ɗan allon ESP32 ne, wato 'yar ƙaramar kwamfuta, da layin waya a jiki, bai cika tafin hannu ba. Saƙo yana fita lafiya lau, amma na kasa shiga na'urar daga wayata, domin adireshin intanet da aka ba ta, na tsohon tsarin da ake kira IPv4, na haɗaka ne, ita da jama'a da yawa. Sai yaron da ke koyon aiki a wurina ya ɗago kai daga gindin tsani ya ce, "Yaya, ba kai ka ce a sabon tsarin, IPv6, kowace na'ura da adireshinta ba? Me ya hana mu?" Na yi shiru, sukudireba a hannu.

Yaron yana da gaskiya. IPv4 tun 1981 yake, adireshinsa kusan biliyan 4.3 ne kacal, babban rumbun da ake rabon adireshin daga cikinsa ma ya ƙare tun Fabrairun 2011, shi ya sa ake haɗa jama'a a adireshi ɗaya. Allon yana iya IPv6, layin da ke jikinsa ne bai ba mu ba. Da na so in kashe sabon don rage wa allon nauyi, sai na fasa, na bar su duka biyun a kunne. Na'urar nan za ta daɗe a saman tankin, kuma ina jin wannan yaron ne zai hau duba ta nan gaba.