Alhamis a Alkahira: rijiyar da ke auna Kogin Nilu

Yau kwanana goma sha biyu a Alkahira, kuma duk wanda ya kira ni daga gida tambayarsa ɗaya ce, wato ko na je Giza na ga dalar Fir'auna. Na je tun makon jiya, na kuma yi mamakin girmanta, amma abin da na gani yau ya fi ta zama a zuciyata.

Bayan mun karya kumallo, ɗan yayana da ke karatu a Jami'ar Azhar ya ce mini, "Baffa, yau zan kai ka inda motocin 'yan yawon buɗe ido ba su cika tsayawa ba." Muka hau jirgin ƙasa na cikin gari, muka sauka a tashar Malik Salih, muka ƙetara gada zuwa tsibirin Rauda, sannan muka taka har ƙarshensa ta kudu, inda Miƙyasin Nilu, wato ma'aunin ruwan kogin, yake. Daga waje ɗan gini ne mai rufi mai tsini, wanda mutum zai iya wucewa bai waiwaya ba.

Da muka shiga sai na tarar da wata rijiya mai zurfi da aka gina da sassaƙaƙƙen dutse, matakala na zagaye bangonta har ƙasa, a tsakiyarta kuma ga ginshiƙin marmara mai kusurwa takwas, an tsaga masa alamomin kamu goma sha tara. An gina ta a shekarar 861, bisa umarnin Halifa Mutawakkil na daular Abbasiyya. A da, ramuka uku ne ke shigo da ruwan kogi cikinta, saboda haka duk yadda Nilu ya cika, haka ruwan zai hau jikin ginshiƙin. Idan ya kai kamu goma sha shida, shekara ta yi kyau, za a yi shagali a buɗe madatsar da ke kai ruwa cikin gari. Idan ya gaza sosai, fari da yunwa na tafe, idan kuma ya zarce da yawa, ambaliya ce za ta cinye gonaki da gidaje. Da wannan awo hukuma ke yanka harajin manoma a wancan zamani, har a lokacin daular Faɗimiyyawa akan shafa wa ginshiƙin turare da za'afaran ranar da ruwa ya cika.

Na sauka matakalar a hankali ina dafa bango, domin ba ta da makari. Ƙasan a bushe yake, tun da madatsar ruwa ta Aswan, wadda aka kammala a 1970, ta kawo ƙarshen cikar kogin ta kowace shekara. Daga can na ɗaga kai na ga ayoyin Alƙur'ani masu ambaton ruwan sama da tsiro, an sassaƙa su da rubutun Kufi a jikin dutse. Ni ɗan manomi ne, na san yadda mahaifinmu ke tsayawa a bakin gona yana duban gabas idan damina ta yi jinkiri, shi ya sa na daɗe a wurin ina tunanin mutanen da abincinsu na shekara ke rataye a kan tsagi ɗaya na wannan dutse. A ganina hukumar da ke fara duba ruwa kafin ta nemi haraji ta fahimci wani abu na adalci.

Da azahar muka yi salla a masallacin Ibn Ɗulun, wanda aka gama a 879, muka hau hasumiyarsa mai matakala ta waje. Filinsa makeke ne, amma mutanen da muka tarar ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Daga nan muka bi ta kasuwar Hayyamiyya kusa da ƙofar Zuwaila, inda maɗinka ke zaune cikin ƙananan shaguna suna jera ƙyallaye masu launi da allura, sana'ar da ta samo asali daga ɗinkin tantuna. Na saya wa Hajiya rigar matashi guda biyu bayan doguwar tayayya.

Mun dawo masauki bayan magariba ƙafafuna na ciwo. Gobe Juma'a, mun shirya yin salla a masallacin Imam Shafi'i, sannan mu ziyarci kabarinsa a maƙabartar Ƙarafa.